Yadda Ake Gyaran Fuska da Aska Mai Cin Reza

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai aski a Yamai, ko a Bukoki ne ko a Yantala ko a gefen Babbar Kasuwa, ya san lokacin nan da mai askin yake ajiye injinsa, ya ɗauko wata ƴar aska mai naɗewa, ya ɓare sabuwar reza a gaban idonka, ya karya ta gida biyu, ya saka rabi a bakin askar, sannan ya shiga fitar maka da layin goshi da na saje. Siffarta ta askar wanzami ce, sai dai ita ba ta da kaifin kanta. Aron kaifi take yi daga reza, wadda da yawa a nan suke kira lam, kuma da zarar an gama da mutum ɗaya sai a cire rabin nan a yar da shi. A jikin kwalin wasu za ka ga an rubuta Shavette, sunan da kamfanin Dovo na birnin Solingen a ƙasar Jamus ya raɗa wa irin tasa, daga baya sunan ya bi sauran. Bayanin da ke tafe na mutumin da yake son ya riƙa yi wa kansa gyaran fuska da ita a gida ne, ko mai aske gemu ne gaba ɗaya, ko kuma wanda ya ajiye gemunsa, gefe da wuya kawai yake son ya share.

Kafin a kai ta fuska ya kamata a san halinta, domin wanda ya ɗauke ta a matsayin ƙanwar askar wanzami zai sha mamaki. Askar da ke cikin zabirar wanzami ƙarfe ne mai kauri da nauyi, ana wasa ta a dutse, a goge bakinta a jikin fata, kuma nauyin nata yana taimaka wa hannu ya tsaya wuri ɗaya. Reza kuwa kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, tana da kusurwa biyu masu tsini a kowane baki, kuma tun asali ba don a riƙa kai ta fuska tsirara aka ƙera ta ba. Lokacin da kamfanin Gillette ya fara sayar da reza mai baki biyu a Amurka a shekarar 1903, cikin wani ɗan gida mai kariya ake saka ta, ta yadda bakin kaɗan ne yake leƙowa. Mu kuma a wannan askar mun fitar da ita daga gidan kariyar, mun ɗora ta a kan ƙota marar nauyi. Shi ya sa take yanka da ɗan kuskure ƙalilan, kuma shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan yake komawa ga abu biyu: hannun da ke riƙe da aska ya zama marar nauyi, hannun da ba ya riƙe da ita kuma ya san aikinsa.

Amfaninta babba, wanda ya sa masu aski suka rungume ta, shi ne na lafiya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a cikin busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma ta fi ƙwayar cutar sida saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Askar da ta bi kawuna goma tun safe, ko an goge ta da tsumma, ba a da tabbacin abin da take ɗauke da shi. Sabuwar reza ga kowane mutum ita ce ta rage wannan haɗarin.

Kayan da za a tanada

Askar kanta iri uku ce ake yawan samu. Akwai mai leɓe biyu na ƙarfe waɗanda suke buɗewa kamar almakashi, da ƴan ƙusoshi biyu a ciki inda ramukan reza suke zama, da wani ɗan maƙulli da ake jawowa ya haɗe su. Akwai mai ɗan kwasfa na roba ko na ƙarfe da ake zarowa, a kwantar da reza a ciki, a mayar da shi. Akwai kuma irin ta Japan, kamar ta kamfanin Feather, wadda take cin doguwar reza tata ta musamman. Wannan ta ukun tana da kyau, amma ba zan ba mazaunin Yamai ko Tawa shawarar ya fara da ita ba, saboda ranar da rezarta ta ƙare sai ya jira wani ya zo masa da ita daga waje, alhali reza mai baki biyu ko a teburin mai shagon unguwa ana samu. Ta farkon na fi so. Idan za ka saya, ka buɗe ta a gaban mai kayan, ka rufe, ka duba ko leɓunan biyu suna haɗuwa daidai ba tare da giɓi ba, ka kuma girgiza ta ka ji ko ƙusar da ta haɗa ƙota da wuya ta yi sako-sako. Askar da take rufe kanta ba tare da an rufe ta ba, a kan yatsa take rufewa.

Reza kuwa kowace fuska da wadda take karɓa. Astra, Derby ta Turkiyya, Lord ta Masar, Super-Max, Dorco ta Koriya, duk girmansu ɗaya, kowace za ta shiga askarka, amma kaifinsu da santsinsu sun bambanta. Feather ta fi yawancinsu kaifi, don haka ba ta mai koyo ba ce. Ka nemi wadda aka rubuta cewa ƙarfenta ba ya tsatsa, irin da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya yaɗa tun 1962, ka kuma ƙi duk kwalin da ka ga alamar ya sha ruwa ko ya daɗe a rana har takardarsa ta koɗe.

Sauran kayan ba su da yawa: sabulun aski ko kirim na cikin tub, buroshin aski idan akwai, ƙaramin tawul mai tsabta, kwano biyu na ruwa, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, madubin da zai tsaya da kansa, dunƙulen alif, alkol mai digiri 70 na farmasi, da man kaɗanya. Alif ɗin shi ne dai wanda ake jefawa a randa don ruwa mai laka ya kwanta. Ka zaɓi dunƙule fari tas, ka goge gefensa da ruwa har ya yi sumul, ka ware shi don fuskarka kai kaɗai. Madubin hannu ba ya aiki a nan, domin hannayen biyu duk suna da abin yi. Game da haske, hasken safiya a tsakar gida ya fi kowane ƙwan lantarki, ba ya kuma ɗaukewa a bar ka da rabin fuska.

Saka reza

Ka wanke hannu da sabulu, ka goge bakin askar da auduga mai alkol. Kada ka fitar da reza daga takardarta kafin ka karya ta. Ka riƙe ta cikin takardar da yatsun hannu biyu, ka lanƙwasa ta a tsaye, wato ta bin dogon ramin nan na tsakiya, har ka ji ta ce ƙas. Yanzu kana da rabi biyu, kowane da bakinsa. Ka buɗe takardar a hankali, ka ɗauki rabi ɗaya ta gajerun gefunansa, inda babu kaifi, ka bar ɗayan a naɗe don wani askin. Ana sayar da reza da aka riga aka raba, ɗari a kwali, wadda masu shago suke saye. Idan ka same ta, ta hutar da kai, kuma ba ta da ɗan lanƙwasan nan da karyawa take bari a ƙarshen ƙarfen.

Ka buɗe leɓunan askar, ka kwantar da rabin rezar ta yadda ƙusoshin biyu za su shiga gurabensu, ka mayar da leɓen sama, ka ja maƙulli. Sannan ka ɗaga ta saitin haske ka dubi bakin da kyau. Abin da ya leƙo ya zama daidai wa daida tun daga wannan ƙarshe har wancan, kamar milimita ɗaya ko ɗan fiye. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya fitowa, ka buɗe ka sake zaunar da ita, komai saurin da kake yi, domin kusurwar da ta fi leƙowa ita ce za ta tsaga ka. Wasu masu aski suna ɗan goga tsinin kusurwoyin biyu a gindin kofin tangaran don su dakushe su, bakin kansa kuma ba sa taɓa shi. Dabara ce mai kyau ga wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Sanin kwanciyar gashi

Wannan matakin shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, kuma a wurin masu irin gashinmu shi ya fi kowane muhimmanci. Ka bar fuskarka kwana biyu ko uku ba aski. Gashin fuska yana tsawo kamar kashi ɗaya cikin uku na milimita a kowace rana, saboda haka a kwana uku za ka iya jinsa sosai. Ka shafa yatsa a kumatu, a haɓa, a ƙarƙashin muƙamuƙi, a wuya dama da hagu. Inda yatsa ya tafi sumul, can gashin ya kwanta. Inda ka ji kaushi yana tokare ka, ka saɓa masa ke nan. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya kowa da irin nasa: na wani gefe yake tafiya, na wani sama yake hawa daga gindin wuya, na wani kuma ya yi gewaye kamar guguwa kusa da zakaran wuya. Ka riƙe wannan taswirar a ka, don ita za ka riƙa bi duk tsawon rayuwarka.

Dalilin wannan wahalar shi ne gashinmu murɗaɗɗe ne. Reza tana yanke shi ta bar masa tsini kamar na ƙaya, kuma idan an yanke shi ƙasa da saman fata, wanda shi ne abin da askin saɓa kwanciya yake yi, to yayin da yake tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki ko ya fito ya koma ya shige ta. Jiki kuma sai ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ƙurji, ya warke ya bar baƙin tabo. Ƙurajen askin da ake gani a wuyan samari da yawa ba daga ƙazantar reza kaɗai suke zuwa ba. Yawancinsu daga neman santsin da ya wuce kima ne.

Jiƙa fuska da yin kumfa

Idan gashin ya wuce na kwana huɗu ko biyar, ka fara rage shi da inji ko almakashi, domin dogon gashi yana cushe bakin aska. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wanka. Idan ba wanka za ka yi ba, ka wanke fuska da sabulu don maiƙo da ƙura su fita, ka tsoma tawul a ruwan ɗumi, ka matse, ka lulluɓe fuska da shi minti biyu zuwa uku. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma idan ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba tare da ta ja ba. Ruwan ya zama mai ɗumi ne kawai, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fata tana bushewa har ta yi fari, don haka yana da kyau a shafa ɗan man kaɗanya kaɗan kafin kumfa. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, a yi askin da sassafe kafin zufa ta fara, kuma duk inda ƙurajen zafi suka feso a bar shi sai ya warke.

Ka jiƙa buroshi, ka murza shi a kan sabulun aski, ka shafa a fuska kana zagayawa, kana ƙara ruwa kaɗan kaɗan. Kumfar da ake nema ba mai tudu da manyan ƙwayaye ba ce. Wadda take da santsi da sheƙi ake so, mai kaurin kindirmo. Idan ba ka da buroshi, yatsu sun isa. Sabulun wanki da omo ba na fuska ba ne, suna busar da fata, kuma kumfarsu ba ta daɗewa. Iskar garinmu tana shanye kumfa da sauri, saboda haka mai koyo ya shafa a gefe ɗaya kawai, ya gama da shi, sannan ya shafa a ɗayan. Duk inda ka ga kumfa ta bushe ta fara ɓarewa, ka sake jiƙa wurin kafin aska ta taɓa shi. Masu shago suna fitar da layi a busasshiyar fata da ɗan hoda, amma wannan layi ne siriri a hannun wanda ya yi shekaru yana yi. Ba hujja ba ce ta aske fuska duka ba ruwa.

Riƙon aska

Ka buɗe ta sosai har ƙotar ta juya ta kalli sama, bakin kuma yana kallon ƙasa. Babban yatsa ya shiga ƙarƙashin wuyan askar, dab da inda reza ta fara. Manuniya da na tsakiya da na zobe su kwanta a saman wuyan, ƙotar ta ratsa tsakanin yatsan zobe da ƙaramin yatsa, shi kuma ƙaramin ya zauna a kan ƴar wutsiyar nan mai lanƙwasa. Riƙon ya zama kamar na alƙalami a hannun mai rubutun allo: ba zai faɗi ba, amma ba a shaƙe shi ba. Yatsun su kasance a bushe, domin ƙarfe mai kumfa yana zamewa.

Sai maganar karkata. Ka kwantar da askar gaba ɗaya a jikin kumatu, bayanta da bakinta duk suna taɓa fata, sannan ka ɗaga bayan kaɗan, kamar kaurinsa sau biyu. Wannan shi ne wajen digiri 30 ko ɗan ƙasa da haka, kuma a nan ake aski. Idan ka miƙar da ita fiye da haka, kankare fata za ta riƙa yi, ka tashi da raɗaɗi; idan ka kwantar da ita da yawa, za ta bi ta kan gashin ta wuce. Kunnenka zai taimake ka: idan karkatar ta yi daidai, za ka ji ƙaramar ƙara mai kama da ta yayyaga takarda a hankali.

Askin kansa

Ka fara da gefen hannun da kake aiki da shi, daga gindin saje, domin nan ne fili mafi shimfiɗa a fuska. Ka ɗora ɗayan hannun ta saman kai, ka sa yatsu biyu a sama da inda za ka fara, ka ja fatar sama. Yatsun kullum a bayan aska suke zama, ba a gabanta ba. Idan suna zamewa, ka shafa su a jikin jiƙaƙƙen alif, za su kama. Jan fatar na daidaita ta ne, don kada ta tattare a gaban reza; ba a so ta yi tauri kamar fatar kalangu, domin idan aka ja ta da yawa gashin yana fitowa fiye da kima, a yanke shi, a saki fatar ya koma ciki, ga ƙurji ya samu.

Ka sauke bakin a kan fata yana cikin tafiya, kada ka dasa shi sannan ka fara ja. Kowane ja ya zama gajere, santimita ɗaya zuwa biyu, yana bin kwanciyar gashi, kuma ba tare da dannawa ba ko kaɗan. Idan ka ga fatar tana lotsawa a ƙarƙashin reza, ka danna ke nan. Abin da ba a taɓa yi shi ne jan aska ta tsawon bakinta, irin yadda ake yanka nama. Ko da rabin santimita ta zame ta wannan fuskar, ta tsaga. Haka nan ba a juya ta ko a canza mata hanya tana kan fata. A ɗaga, a gyara, a sake saukewa. Bayan ja uku ko huɗu ka ɗauraye bakin a kwano, ko ka goge shi a tawul daga baya zuwa baki.

Ni kaina a gindin kunne na fara karɓar darasi, wata safiyar Juma'a da nake sauri: idona yana kan tsakiyar rezar, na manta da kusurwar sama, ita kuwa ta sami leɓen kunne ta ɗan ɓalle shi, na tafi masallaci da auduga a manne. Tun daga ranar, duk inda na kai aska, kusurwar da ba ta aiki nake fara nema da ido, kuma idan na zo kusa da kunne sai na naɗe shi da yatsa.

Gefe na biyu yana da hanya biyu: ko ka koya wa hannun hagu riƙon aska, ko ka ƙetara da hannun dama. Masu koyar da aski da yawa sun fi son a koyi hannu biyu, saboda hannu ba ya tare maka madubi. Ni dai da dama nake yin duka, kuma ban ga laifin hakan ba muddin mutum yana ganin bakin rezar a kowane lokaci.

Ƙashin muƙamuƙi ba a hawa kansa da aska. Ka ja fatar kumatu sama har wadda take kan ƙashin ta hau fili, ka aske ta a can, ka sake ta ta koma. Wuya kuma ka ɗaga haɓa, ka ja fatar ƙasa daga gindin wuya, ka bi taswirar da ka riƙe, ko da hakan yana nufin a wani wurin daga ƙasa za ka ja zuwa sama. Fatar wuya ta fi ta kumatu laushi, nan ne kuma ƙuraje suka fi fitowa, saboda haka sau ɗaya aska za ta bi kowane wuri. Zakaran wuya shi ma ba a bi ta kansa: ka ja fatar gefe ɗaya ka aske, ka ja ta ɗaya gefen ka aske.

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. A gyaran fuska, haɓa da leɓe su ne gaban goshin. A bar su ƙarshe don su daɗe suna shan ruwa, domin gashinsu ya fi ko'ina kauri. Haɓa zagayayya ce, don haka karkatar aska tana canzawa a kowane ɗan taki. Ka raba ta ƙananan filaye, ka yi aiki da tsakiyar reza, ja ɗaya bai wuce rabin santimita ba. Ƙarƙashin leɓen ƙasa ka tura harshe ta ciki ya cika ramin. Leɓen sama kuwa, ga mai aske gashin baki, ka ja shi zuwa ƙasa ya rufe haƙora, ka ɗaga kan hanci da yatsa. Hanci yana tilasta wa aska ta fara a ɗan miƙe, sai ka kwantar da ita nan take da ta fara tafiya. Kada a taɓa aske wannan wurin daga ƙasa zuwa sama.

Wanda ya ajiye gemu aikinsa ya fi sauƙi, kuma a nan ne wannan askar ta fi kowace irin reza, saboda kana ganin ainihin inda bakin yake sauka. Maimakon kumfa mai rufe layi, ka shafa sabulu siriri ko ɗan mai wanda ake ganin fata ta cikinsa. Layin kumatu ka bi inda gemun ya tsaya da kansa, ka share tsirarun da suka haura kawai. Layin wuya kuma ka sa yatsu biyu a saman zakaran wuya, daga nan ka ja lanƙwasa zuwa bayan kowane kunne. Ka riƙa ja da baya kana duban gefen biyu tare, domin wanda ya tsaya gyara gefe ɗaya don ya yi daidai da ɗayan, sannan ya koma ɗayan, a ƙarshe siririn zare yake bari. Ƙeya da tsakiyar kai ba na mai yi wa kansa ba ne. Abin da ido ba ya gani a bar wa wanzami ko mai shago. Sauran gashin jiki kuma, inda fata take da laushi da naɗi, a nemi reza mai kariya.

Idan ka gama zagaye na farko ka ɗauraye fuska ka shafa. Za ka ji sauran kaushi, kuma wannan ba gazawa ba ce. Wanda fatarsa ba ta ƙuraje yana iya sake shafa kumfa ya yi zagaye na biyu ta gicciye, wato daga kunne zuwa hanci, a kumatu kawai. Wanda yake ƙuraje ya tsaya a na farko. Zagaye na uku mai saɓa kwanciya, wanda ake nunawa a bidiyoyin Turawa, na masu miƙaƙƙen gashi ne, ban kuma ba kowa shawararsa a nan ba.

Bayan aski, da abin yi idan an yanke

Ka wanke fuska da ruwan sanyi, ka jiƙa alif ka shafa a hankali. Inda ya yi maka zafi sosai, nan ne ka danna ko ka miƙar da aska, sai ka kiyaye a karo na gaba. Bayan kamar minti ɗaya ka ɗauraye shi, don idan ya zauna yana busar da fata. Ka tsane da tawul ta hanyar dannawa, ka murza man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ya narke, ka shafa. Turare mai alkol a fatar da aka aske yanzu raɗaɗi kawai yake ƙarawa, musamman da hunturu.

Ƙaramin yanka alif yana tsayar da shi cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya fi haka, a danna shi da auduga ko tsumma mai tsabta minti biyar zuwa goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. Ba a zuba masa toka ko ƙasa. Idan bakin yankan ya buɗe, ko jinin bai tsaya ba bayan minti goma, a tafi gidan likita. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda hannunsa yake rawa, da wanda kowane ɗan rauni yake warke masa da tabo mai tudu, waɗannan inji ya fi musu. Idan ƙuraje sun riga sun fito, a ajiye aska mako uku zuwa huɗu har gashin ya tsiro ya fita da kansa. Gashin da aka ga kansa ya shige fata, a ɗago shi da allurar da aka goge da alkol, amma kada a tuge shi. Man bilicin da wasu suke shafawa don baƙin tabon ya tafi yana sa fata ta yi siriri, ta ƙara saurin yankewa. Ƙurajen da suka yi ruwa ko suka taurare, musamman a ƙeya, na likitan fata ne.

Game da koyo, kada ka ce za ka gama fuska duka a ranar farko. Makon farko ka yi kumatu kawai, ka ƙarasa sauran da abin da ka saba. Idan hannu ya faɗa ka ƙara wuya, haɓa kuma ta zo daga ƙarshe. Ka bar kwana biyu ko uku tsakanin aski da aski, kuma ka rufe ƙofa ko ka sanar da mutanen gida, domin yaron da ya rugo ya rungume ƙafarka bai san abin da ke hannunka ba.

Rabin reza na aski ɗaya ne. Da ka gama, ka buɗe maƙulli, ka zazzage shi ba tare da ka kama bakin ba, ka wanke askar da sabulu, musamman tsakanin leɓunan inda kumfa da gashi suke maƙalewa, ka goge da alkol, ka bar ta a buɗe ta bushe kafin ka naɗe. Idan dole wani zai yi amfani da ita, canza reza kaɗai bai isa ba, domin jini yana shiga tsakanin leɓunan. A wanke, a jiƙa ta minti goma a ruwan javel da aka sirka bisa umarnin da ke jikin kwalbar, sannan a ɗauraye sosai, saboda javel yana cin ƙarfe. Tsohuwar reza kuma ba a jefa ta a kwandon shara haka nan, tunda yara da masu tsince-tsince da awaki duk suna bin bola. Ka sami gwangwanin madara wanda ba a fasa murfinsa duka ba, ka yi masa ƴar tsaga a sama, ka riƙa jefa su ciki, ka ajiye shi tare da askar a saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan ya cika, ka buga bakin da dutse ya haɗe kafin ka fitar da shi.